Yadda ake tseren mota na sim a intanet idan ruwa na zuwa yana ɗaukewa

Tseren da aka fara da rana aka gama da rana, yawanci wanda ya fi kowa gudu shi ke ɗauka, ba wani dogon zance. Amma da zarar hadari ya haɗo a tsakiyar tsere to lissafin ya canza gaba ɗaya, zaka ga mutumin da ya fi ka gudu da daƙiƙa biyu a kowane zagaye yana can cikin ciyawa motarsa na kallon inda ta fito, kai kuma da ka bi a hankali ka shiga gareji, wato inda ake tsayawa a canza taya a sha mai, a lokacin da ya dace kana cikin biyar na farko. Shi ya sa nake matuƙar son irin wannan tseren a sim, wato gem ɗin da ke kwaikwayon tuƙin motar tsere ta gaske, kuma yake min ciwo in ga masu tasowa suna ficewa daga saba, wato ɗakin intanet da ake haɗuwa a yi tseren, da zarar sun ga alamar ruwa. Abu ne da ake koyo, kuma mafi yawan aikin tun kafin a saki fitilar fara tsere ake yinsa.

Ka fara da sanin yadda ruwa yake a gem ɗin da kake bugawa, don ba iri ɗaya bane. Assetto Corsa Competizione, wato ACC, na kamfanin Kunos da ya fito 2019, motocinsa na ajin tsere da ake kira GT3 taya iri biyu kawai gare su, ta bushewa wadda ba ta da zane ko kaɗan da kuma ta ruwa mai zane, babu ta tsakiya. Gran Turismo 7, wato GT7, da ya fito 2022 yana da ta tsakiya, wato inta, da kuma ta ruwa mai ƙarfi, ga rada da ke nuna maka inda hadarin yake tahowa. Gem ɗin F1 shima haka, inta mai koren zobe da ta ruwa mai shuɗi kamar yadda kamfanin taya na Pirelli ke yi a tseren gaske. Shi kuwa iRacing tun 2008 yake amma sai watan Maris na 2024 aka saka masa ruwan sama, kuma nasu ruwan ba ya wasa, yana taruwa a inda hanya ta yi kwari, yana bushewa a inda motoci ke bi. Wannan bambancin shi zai gaya maka irin shawarar da ke gabanka: a ACC tambayar kawai ita ce in canza ko kar in canza, a GT7 da F1 kuma sai ka ƙara da wacce zan saka.

Mataki na gaba, ka karanta hasashen yanayi kafin ka shiga mota, kuma ka karanta shi da kyau ba kallo ɗaya ba. A iRacing akwai hasashen da ake nunawa tun kafin a fara, a ACC kuma allon yana nuna maka yanayin yanzu da na minti 10 da na minti 30 masu zuwa. Ka duba ko an hanzarta agogon saba ɗin, don wasu masu shirya gasa suna sa lokaci ya riƙa gudu ninki-ninki, tsere na minti 45 sai ya ɗauke ka daga la'asar har cikin dare, kaga kenan kwalta za ta yi sanyi ko da ba a yi ruwa ba, kuma sanyin nan yana sauke iskar tayarka. Sannan ka duba tsawon filin. Spa-Francorchamps da ke dajin Ardennes a Beljiyam kilomita 7 ne da ɗan ɗoriya, Nordschleife na Jamus kuwa ya haura kilomita 20, a irin waɗannan filayen a GT7 ko iRacing ana iya tsuga ruwa a kwanar Les Combes ta Spa alhali wajen kwanar La Source ƙasa a bushe take ƙayau. Idan ka wuce ƙofar gareji a Spa da tayar da ba ta dace ba sai ka yi fiye da minti biyu kana lallaɓawa kafin ka sake ganinta.

Yanzu maganar saiti. Nan mutane da yawa ke ɓata kansu, suna da saiti ɗaya da suka sauko da shi daga wani wuri mai sa mota ta yi ƙasa sosai ta yi tauri don neman lokaci a bushe, sai su shiga tseren da ake sa ran ruwa da shi. Ka tuna a ACC da zarar an fara tsere ba ka da ikon taɓa fiffike, wato wanda ke sa iska ta danne mota ƙasa, ko tsayin mota, abin da ke hannunka daga cikin mota shi ne TC mai hana taya sulɓewa in ka taka totur, da ABS mai hana taya kullewa in ka taka birki, da rabon birki tsakanin gaba da baya, da taswirar inji mai tsara yadda inji ke ba da ƙarfi, a gareji kuma taya da iskarta da mai. Don haka ka ajiye saiti uku ga kowane fili, na bushewa, na ruwa, da na tsakani. Na ruwa ka ɗaga motar kaɗan don kar cikinta ya hau kan ruwa, ka ƙara fiffiken baya, ka sassauta sifirin da sandunan da ke hana mota karkata don taya ta samu damar kama ƙasa a hankali, ka ɗan rufe hanyar iskar birki saboda a ruwa birki da taya saurin hucewa suke. A ACC akwai fatar birki, wato brake pad, lamba 1 zuwa 4, lamba 3 shi aka fi sakawa idan ruwa ne. Na tsakani kuma shi ne na bushewa da aka ɗan ƙara wa fiffike aka ɗan ɗaga, zaka rasa kaɗan a miƙaƙƙiyar hanya lokacin rana amma idan ruwan ya zo kai ne za ka riƙa wuce mutane. Ni a ganina in dai hasashen ya nuna kashi ɗaya cikin uku na tseren zai jiƙe to na tsakani zan ɗauka, ba na jayayya da kaina a kan wannan.

Iskar taya tana buƙatar a tsaya a kanta sosai don ita ce ke kashe mutane a ɓoye. A ACC tayar bushewa tana son ta kasance tsakanin psi 26 zuwa 27 a ma'aunin iskar taya idan ta yi zafi, ta ruwa kuwa wajen 30. Matsalar ita ce lambar da kake sakawa a gareji ta taya mai sanyi ce, kuma yadda za ta hau ya dogara da zafin iska da na kwalta da yawan ruwan da ke ƙasa. Idan ka shiga gareji a gigice ka danna tayar ruwa ka bar lambobin ta bushewa, za ka fito da taya mai ƙarancin iska wadda ba za ta taɓa yin zafi ba, motar ta riƙa yawo ka rasa me ke faruwa. Maganin wannan mai sauƙi ne, a shafin mai da dabarun tsere ka shirya tsarin tsayawa tun kafin a fara, lamba 1 tayar bushewa da iskarta, lamba 2 tayar ruwa don yayyafi, lamba 3 tayar ruwa da ƙarin iska don ruwa mai yawa. Cikin tsere sai dai kawai ka zaɓi lamba. Ƙa'idar da 'yan ACC ke bi ita ce duk digiri ɗaya da zafin iska ya sauka ka ƙara kusan 0.1 na psi.

Kafin ka bar wannan wajen ka tabbata ka ɗora waifa da fitilar gaba da fitilar ruwa ta baya da TC da ABS da rabon birki a kan maɓallan sitiyarinka, ko Logitech G29 ne ko Thrustmaster ko Moza ko ma fad ɗin gem na hannu kake riƙewa, abin da ake so kar ka saki sitiyari kana laluben kibod a tsakiyar kwanar Eau Rouge ta Spa. Ka kuma gwada ruwa a kwamfutarka kai kaɗai da motocin gem masu yawa, don feshin ruwa da ƙyallin kwalta suna cin ƙarfin na'ura, in hoto ya fara sarƙewa ka rage inuwa da madubi tun yanzu. Mu da ke bugawa daga Najeriya ko Nijar a saba ta Turai dama akwai jinkirin netwok a kanmu, ga shi idan damina ce ruwan gaske na iya taɓa netwok ɗin ko a ɗauke wuta, to ka haɗa da kebul maimakon wifi in da hali, ka tanadi inbata ko UPS, dogon tsere ba a shigarsa da fatan alheri kawai.

To an saki fitila, ana cikin tafiya sai ɗigo ya fara sauka a gilashi. Abu na farko kar ka firgita, ɗigo a gilashi ba shi ne ruwa a kwalta ba. Tayar bushewa mai zafi tana iya jure yayyafi na ɗan lokaci fiye da yadda kake zato, muddin ka ci gaba da riƙe mata zafinta. Abin da za ka sa wa ido shi ne ƙasa: launin kwalta ya fara duhu? Motar gabanka ta fara tayar da feshi? Sitiyarin ya fara yin sakayau a hannunka a tsakiyar kwana? Zafin taya yana sauka zagaye bayan zagaye? A GT7 akwai ma'aunin ruwa a gefen allo, in ya haura layin farko lokacin inta ya yi, in ya haura na biyu sai ta ruwa mai ƙarfi. A ACC rubutun halin kwalta yana canzawa daga mai kyau zuwa mai maiƙo zuwa mai danshi zuwa jiƙaƙƙiya. A wannan tsakanin ka ƙara TC da ABS mataki ɗaya ko biyu, ka mayar da rabon birki baya kaɗan don idan kamu ya ragu nauyi ba ya zubowa gaba sosai, tayoyin gaba sai su riƙa saurin kullewa, ka fara taka birki da wuri kamar mita 20 zuwa 30 kafin inda ka saba, ka kuma riƙa sa giya ta sama da wuri wajen fita kwana don kar ƙarfin inji ya kwace maka baya.

Sannan ka canza layi, wannan shi ne abin da ya fi wa mutane wuya su yarda da shi. Layin da kowa ke bi a bushe robar taya ta kwanta a kansa, ita ke ba ka kamu da rana, amma da ruwa ya sauka a kan robar nan sai ta zama santsi, irin yadda kwaltar cikin gari ke yi a ruwan farko na damina lokacin da mai da ƙura suka taso sama, duk direba ya san wannan. Don haka sai ka taka birki a gefen layin, ka ɗan shiga ciki da faɗin mota ɗaya, ka tsallake baƙin layin a miƙe, ka zagaya kwanar ta waje inda kwalta ke da kaushi, sannan ka sake tsallake shi wajen fita ba tare da ka danne totur a kansa ba. Wanda yake son ya ga yadda ake yi ya nemi tseren Burazil na 2016 a Interlagos, yadda Max Verstappen ya riƙa bin waje yana neman kamu inda wasu ba sa bi, ya taso daga na 16 ya gama na 3 a zagayen ƙarshe-ƙarshe. A iRacing wannan abin ya fito fili ƙwarai, in ka nace wa layin bushewa wallahi ba za ka juya ba, a wasu gem ɗin kuma bai kai haka ƙarfi ba, sai ka gwada ka ji da hannunka. Farin fentin gefen hanya da dakalin kwana mai ja da fari ka ɗauka babu su, taya ɗaya ta hau kai kana kan totur shikenan. Inda ruwa ya taru kuma, in ba yadda za ka kauce to ka miƙe sitiyari ka ɗan ɗaga ƙafa ka ratsa, kar ka taka birki kar ka juya har sai ka ji taya ta sake kama ƙasa.

Babbar shawarar ita ce yaushe za a shiga gareji, kuma lissafi ne ba jarumta ba. Ka san tun a gwaji nawa tsayawa ke ci maka, a ACC canza taya kaɗai wajen daƙiƙa 30 ne a tsaye banda tafiyar layin gareji a hankali. Mu ce duka-duka minti ɗaya kake rasawa, tayar ruwa kuma za ta ba ka ribar daƙiƙa 5 a zagaye, kaga sai ka yi zagaye 12 kafin ka mayar da kuɗinka, in saura zagaye 4 a gama kuma ruwan ba ƙaruwa yake ba to ka zauna ka lallaɓa. Amma in ruwan ƙaruwa yake, ribar nan ba za ta tsaya a 5 ba, zagaye biyu gaba za ta koma 15 ko 20, ga haɗarin ka juya ka daki bango ka rasa komai. Abin da ya faru kenan a Sochi ta Rasha a watan Satumba 2021, Lando Norris yana kan gaba saura 'yan zagaye ruwa ya sauko, ya zaɓi ya zauna a kan tayar bushewa, Lewis Hamilton ya shiga ya sa inta, ruwan ya ƙaru, Norris ya zame ya gama na 7 Hamilton ya ci nasararsa ta 100. Har yau in na tuna ina jin tausayin yaron don zagaye ɗaya kafin nan shawararsa ba ta yi kama da kuskure ba. Abin da zai taimake ka shi ne ka san lokacin canji na filin, wato lokacin zagayen da tayar bushewa da ta ruwa suke yin daidai, wannan a gwaji ake samo shi, ka sa yayyafi ka yi zagaye da kowacce ka rubuta. Cikin tsere da ka ga lokacinka ya kusa wannan lambar kuma hasashe na cewa ruwa zai ci gaba, ka shiga, kar ka jira ka ga abin da na gabanka zai yi. In kuma kana can baya ba abin da za ka rasa, kai ya kamata ka fara yin kasadar. In akwai dokar tsayawa dole a gasar, yi ƙoƙari ka ja tsayawarka ta haɗu da zuwan ruwan don ka biya sau ɗaya, kuma ka rage man da za ka ƙara tunda a ruwa mota ba ta sha sosai, zagayen ma ba za su kai yawan na bushewa ba in tseren na lokaci ne.

Ka kula da ƙofar gareji kanta, mutane nawa ne suka yi komai daidai suka zo suka zame a farin layin shiga ko suka wuce iyakar gudu aka ci su tara. Ka rage tun da nisa.

Tafiya cikin jama'a a ruwa kuma wani karatun ne. Feshi zai rufe maka ido, allunan mita da ka saba gani ba za ka gansu ba, don haka ka nemi alamomin birki a gefe, wata bishiya ko gada ko inda shinge ya canza launi, ka kuma fita daga bayan motar gabanka kaɗan a miƙaƙƙiyar hanya don ka ga gaba. Ka ninka tazarar da kake bari, musamman mu masu jinkirin netwok, inda kake ganin motar ba lallai nan take ba a saba. Zagayen farko ba a cin tsere a cikinsa amma ana rasa shi, ka bar masu zafin kai su wuce za ka tarar da rabinsu a Les Combes. A iRacing ana rubuta maka makin laifi, taɓa mota 4x ne, juyawa 2x, fita hanya 1x, kuma duk suna cin makin tuƙinka, haka a dandalin gasa na LFM na 'yan ACC ana lura da wannan. In ka juya dan Allah ka danne birki ka tsaya cak don na baya su san ta inda za su bi, kar ka dawo hanya sai ka duba taswira ko ka ji mai gaya maka, manhajar Crew Chief kyauta ce kuma tana wannan aikin. Mutanen nan suma lokacinsu suka ware suka zauna kamar kai.

Sai kuma ɓangaren da aka fi mantawa, ruwa ya ɗauke hanya ta fara bushewa. Za ka ga wani siririn layi mai haske ya fara fitowa inda motoci ke bi, a nan tayar ruwa take fara wahala don robarta mai laushi ce, a busasshiyar kwalta zafi take yi ta narke, zagaye kaɗan ta gama. Abin yi shi ne a kwana ka bi busasshen layi, a miƙaƙƙiyar hanya kamar Kemmel ta Spa ka fita ka nemi inda ruwa ya rage ka bi ta ciki don ta huce, kana yi kana rage TC kana dawo da birki gaba a hankali. Komawa tayar bushewa ya fi shiga ta ruwa haɗari, domin za ka fito da taya mai sanyi a kan layin da faɗinsa bai wuce mota ɗaya ba, hagu da dama duk jiƙe. A nan na fi son in bar wani ya fara, in duba lokacinsa a jadawali, da na ga ya yi daidai da nawa ko ya fi sai in shiga a zagaye na gaba. Ka ƙara iska kaɗan a kan lambarka ta rana tunda kwaltar ta yi sanyi, kuma zagaye biyun farko ka bi su da haƙuri, wuce mota a wannan lokacin yana nufin ka sauka daga busasshen layi ka taka birki a kan ruwa da tayar da ba ta da zane, sai dai ka matsa wa na gaban har shi ya yi kuskure. Wuraren da bishiyoyi suka yi wa inuwa da inda hanya ta yi kwari su ne ƙarshen bushewa, a Spa ka yi hattara da gindin Eau Rouge ko da sauran filin ya yi fari.

Hanyar koyon duk wannan ita ce ka buɗe gwaji kai kaɗai a fili ɗaya da mota ɗaya, ka saita yanayi ya fara a bushe ruwa ya zo ya kuma ɗauke, ka zauna a kan tayar bushewa da gangan har sai ta gagare ka don ka san yadda ƙarshenta yake ji a hannu, sannan ka sake yi da tayar ruwa a kan hanyar da ke bushewa. Bayan kowane tsere ka buɗe maimaici ka kalli wanda ya ci, a wane zagaye ya shiga gareji, ina yake taka birki, ta ina yake bin kwanonin Pouhon da Bus Stop na Spa. Ka samu ɗan littafi ko fayil a waya ka riƙa rubuta sunan fili, zafin iska da na kwalta, iskar da ka saka da inda ta tsaya bayan ta yi zafi, da lokacin canjin da ka gano, don ranar da ka sake haɗuwa da wannan yanayin a Spa ko Suzuka lambobin suna hannunka tun kafin a buɗe saba.